Kotunan iyali a Ingila: asirin wa ake rufawa, na yaro ko na hukuma?

Jama'a, akwai wata kotu a Ingila da Wales da in ta zauna a kan iyalinka za ta iya yanke cewa daga yau ɗanka ya tashi daga ɗanka, a ɗauke shi a ba wasu mutanen da ba ka taɓa gani ba, a canza mishi sunan uba, ya girma a gidansu a matsayin ɗansu a doka, kai kuma in an tausaya maka a bar ka ka riƙa aika wasiƙa sau ɗaya ko biyu a shekara ta hannun hukuma. Kotun iyali kenan. Kuma har kwana-kwanan nan duk abun da aka yi a ɗakin nan, shaidar da aka bayar, rahoton da aka karanta, maganar da alƙali ya faɗa ma uwa, ba mai ikon fitar da shi waje, ko ita uwar da aka karɓe ma ɗa in ta kira ɗan jarida ta zayyana mishi abun da ya faru a ciki tana iya tsintar kanta da laifin raina kotu, laifin da ke iya kai mutum gidan yari. Sir James Munby, wanda ya shugabanci sashen kotunan iyali daga 2013 zuwa 2018, shi da kansa ya rubuta a wani hukunci a 2013 cewa tun da aka soke hukuncin kisa a ƙasar, hukuncin da alƙalin iyali ke yankewa na cikin mafi tsanani da kowane alƙali ke da ikon yankewa. To iko irin wannan a ce ba mai leƙawa?

Buɗe ƙofar wannan kotun ita ce gwagwarmayar da 'yan jarida, lauyoyi, iyaye, har da wasu alƙalan suka shafe kusan shekara ashirin suna yi. Ni dai ina tare da su, ba na ɓoyewa, amma maganar na da sarƙaƙiya fiye da yadda ake yayata ta a TikTok, saboda masu cewa a rufe ƙofar su ma suna da hujja, kuma hujjarsu ita ce yaron kansa.

Rufewar ta samo asali ne daga dokoki biyu. Akwai sashe na 12 na wata dokar gudanar da shari'a ta 1960 da ta ce wallafa bayanan zaman da aka yi a asirce kan yara raina kotu ne, sai kuma sashe na 97 na Dokar Yara ta 1989 da ya hana fitar da duk abun da zai sa a gane wane yaro ne ake shari'a a kansa. Dalilin kuwa kowa zai gane shi. A irin wannan zaman ne ake karanta cewa an yi lalata da yarinya, ko uwa na shan ƙwaya, ko uba na da taɓin hankali, kuma yaron da ake magana a kansa bai kai kowa ƙara ba, manya ne suka jefa shi a ciki, gobe kuma zai saka yunifom ya tafi makaranta ya zauna da 'yan ajinsu. Ba mai hankalin da zai so a karanta wannan a jarida da sunansa a kai.

Shari'un kala biyu ne. Akwai wadda ƙaramar hukuma ke shigarwa ta hannun ma'aikatan walwalar yara, waɗanda mutanenmu na can ke kira 'yan soshiyal, tana neman a ba ta yaron saboda tana ganin yana shan cutarwa mai tsanani ko yana dab da sha. Yanzu haka yara sama da 80,000 ne ke hannun hukuma a Ingila kaɗai. Akwai kuma ta mata da miji da suka rabu suna jayayya kan wa zai riƙe yara, wa zai riƙa zuwa ganinsu. A duka biyun babu masu taya alƙali yanke hukunci irin na shari'ar kisa, kuma ba sai an tabbatar da abu babu ko ɗigon shakka ba, ya isa alƙali ya ga cewa faruwar abun ta fi rashin faruwarsa rinjaye. Ka ga kenan ƙofar kuskure a buɗe take, kuma kuskuren ta fuska biyu yake zuwa.

Fuskar farko ita ce a raba yaro da iyayen da ba su yi komai ba. Wanda duk ya bibiyi labarin Sally Clark zai gane me ya sa mutane suka fara tsorata. Lauya ce, jariranta maza biyu suka rasu ɗaya bayan ɗaya, a 1999 aka ɗaure ta da laifin kashe su, bayan wani babban likitan yara, Farfesa Roy Meadow, ya faɗa ma kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Lissafin nan ba daidai ba ne, ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar ta fito fili ta ƙalubalance shi, daga baya kuma aka gano akwai sakamakon gwajin asibiti da ke nuna ɗayan jaririn na ɗauke da ƙwayar cuta wanda ba a nuna ma kotu ba. A Janairun 2003 aka sake ta, ba ta ƙara dawowa daidai ba har ta rasu a 2007. Abun lura a nan shi ne shari'arta ta laifi ce, a bainar jama'a aka yi, shi ya sa masana lissafi suka ji alƙaluman suka ce tsaya, wannan ba haka yake ba. Irin waɗannan ƙwararrun kuwa suna ba da shaida a kotunan iyali su ma, inda ba wani masani daga waje da zai ji balle ya ɗaga hannu.

Akwai wasu ma'aurata a Norfolk da aka karɓe ma yara uku a 2004 saboda an samu karaya a jikin ɗaya daga ciki, aka ce duka ne, a 2005 aka bayar da yaran riƙon dindindin, wato suka zama 'ya'yan wasu a doka. Da matar ta sake samun ciki sai da suka tsere Ireland ta haihu don tsoron a karɓe jaririn. A shari'ar wannan na huɗun ne, wadda Munby ya bari 'yan jarida suka shiga, wasu likitoci suka ce karayar na iya zama daga ƙarancin bitamin C, domin yaron kusan madarar waken suya kaɗai yake sha. An bar musu na huɗun. Su ukun fa? A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa mai yiwuwa an zalunce su, amma ta ce bakin alƙalami ya bushe, riƙon dindindin ba a warware shi. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, a ce maka ƙila kana da gaskiya amma 'ya'yanka sun tafi kenan.

Fuska ta biyu ita ce a mayar da yaro hannun wanda zai hallaka shi. Finley Boden jariri ne a Chesterfield da hukumar Derbyshire ta karɓe daga iyayensa jim kaɗan bayan haihuwarsa a 2020 saboda halin da gidan ke ciki da shaye-shayensu. A watan Oktoba na shekarar, lokacin kullen korona, aka yi zaman kotu ta wayar tarho a gaban majistarori, kuma majistare a Ingila ba irin namu ba ne, mutanen gari ne 'yan sa kai da ba su karanci lauya ba, akwai dai mai ba su shawara kan doka. Hukuma ta nemi a mayar da yaron a hankali cikin wata huɗu kuma a riƙa yi ma iyayen gwajin ƙwaya, wakiliyar yaron daga Cafcass, hukumar da ke magana da yawun yara a kotu, ta goyi bayan a gajarta lokacin, kotu ta yanke mako takwas kuma ba ta sa a yi gwajin ba. Kwana 39 bayan ya koma hannunsu gaba ɗaya, ranar Kirsimeti, ya rasu yana da wata goma, an ƙirga raunuka 130 a jikinsa. An ɗaure iyayen a 2023. Duk wannan bayanin na wata huɗu da mako takwas da na kawo, ba wanda zai san shi in da kafafen labarai irin su BBC ba su je babbar kotu sun roƙi a sakar musu takardun ba. Da sai dai a ce 'yan soshiyal sun gaza kawai, alhali a wannan gaɓar su ne ma suka nemi a bi a sannu.

To a nan ne nake ganin gaskiyar masu fafutukar. Dokar da aka yi don rufa ma yaro asiri sai ta zama tana rufa ma kowa a ɗakin, da alƙali, da hukuma, da ƙwararren da aka biya ya rubuta rahoto. Sunan yaro da unguwarsu da makarantarsu, wannan nasa ne, a rufe. Amma yadda ma'aikacin gwamnati ya yi aikinsa da kuɗin haraji, da hujjar da alƙali ya dogara da ita, me ya mai da su sirrin yaro?

Tafiyar ta yi tsawo. A 2008 Camilla Cavendish ta jaridar The Times ta yi jerin rubuce-rubuce kan lamarin har ta samu lambar yabo, a Afrilun 2009 gwamnati, lokacin Jack Straw na ministan shari'a, ta ba 'yan jarida izinin shiga zaman. Sai dai ba a taɓa dokar 1960 ba, wato ka shiga ka zauna ka ji komai amma kusan ba abun da za ka iya rubutawa sai da izinin alƙali na musamman, ga ƙoshi ga kwanan yunwa, wane edita ne zai tura ma'aikacinsa ya wuni a kotu ya dawo hannu rabbana? Sai suka daina zuwa.

A 2013 wani abu ya faru a Staffordshire da ya nuna cewa zamani ya riga dokar gaba. An zo ɗauke jariri sa'o'i kaɗan bayan haihuwarsa, uban ya naɗi bidiyon a ɓoye ya ɗora a Facebook, hukuma ta garzaya kotu a hana yaɗawa. Munby ya ce kar a ambaci sunan jaririn, amma bai yarda a hana nuna bidiyon ba, domin jaririn kwana ɗaya ba mai gane shi daga fuska, kuma jama'a na da haƙƙin ganin yadda hukuma ke amfani da ikonta. A farkon 2014 ya fitar da umarni cewa alƙalai su riƙa wallafa hukunce-hukuncensu bayan an cire sunaye. An fara da zafi, daga baya abun ya yi sanyi, saboda cire sunaye aiki ne mai cin lokaci kuma alƙalan aiki ya musu katutu. A tsakanin nan aka kafa wata ƙungiyar lauyoyi da malaman jami'a da 'yan jarida mai suna The Transparency Project, ita ta matsa har a 2018 aka fara barin lauyoyin da ba su da hannu a shari'a su shiga su yi rubutu a kai. 'Yar jarida Louise Tickle kuwa, mai zaman kanta ce ba wani kamfani a bayanta, sai da ta nemi gudummawar jama'a a intanet kafin ta iya ɗaukaka ƙara a 2019 kan takunkumin da wani alƙali ya saka a labarin wata uwa a Southampton da ta kashe dubban fam ta hana a bayar da 'yarta riƙon dindindin. Ta yi nasara.

Magajin Munby, Sir Andrew McFarlane, shi ya fitar da rahoto a Oktoban 2021 da ya ce tsarin bai yi aiki ba, dole a juya shi, a ce ɗan jarida na da damar ba da labari sai in akwai dalilin hanawa, kuma kowane alƙali ya yi ƙoƙarin wallafa kashi 10 cikin 100 na hukuncinsa. Aka fara gwaji a ƙarshen Janairun 2023 a Leeds, Cardiff da Carlisle, a 2024 aka ƙara kotuna 16, daga 27 ga Janairun 2025 kuma aka fara shimfiɗa shi a duk Ingila da Wales mataki-mataki.

Yadda abun ke tafiya a aikace shi ne, ɗan jarida mai katin aiki ko lauya mai rubutu zai zo kotu ya sanar da kansa, alƙali zai tambayi ɓangarori ko akwai mai ja, sannan ya ba da wata oda a rubuce da ta fayyace me za a faɗa me ba za a faɗa ba. Sunan yaro, ranar haihuwarsa, sunan iyaye da dangi, adireshi, makaranta, masu riƙonsa, hotonsa, duk haramun ne. Sunan ƙaramar hukumar, sunan alƙali, lauyoyi da ƙwararrun da kotu ta naɗa, galibi ana iya faɗa. Ma'aikacin walwala ɗaya-ɗaya da ke riƙe da fayil yawanci ba a ambatarsa. Ana ba ɗan jaridar wasu takardun shari'ar ya karanta, kuma abun da ya fi min muhimmanci, iyaye na iya zama da shi su yi magana ba tare da fargabar raina kotu ba. Alƙali na da ikon ƙin ba da odar, amma sai ya faɗi dalili. Jama'ar gari dai har yanzu ba sa shiga.

Ana tsakiyar wannan sai ga maganar Sara Sharif. Yarinya 'yar shekara 10 a Woking da ke Surrey, aka tsinci gawarta a gida ranar 10 ga Agustan 2023 bayan mahaifinta Urfan Sharif ya kira 'yan sanda daga Pakistan inda ya gudu da matarsa Beinash Batool da ƙaninsa da sauran yaran. Inna lillahi, abun da aka samu a jikin yarinyar nan ba ya faɗuwa. A Disamban 2024 aka same shi da matar da laifin kisa, shi ɗaurin rai da rai da ba zai gaza shekara 40 ba, ita 33, ƙanin kuma aka ɗaure shi shekara 16. Abun da ya girgiza mutane shi ne hukuma ta san yarinyar tun daga haihuwa, sau uku maganar gidan na zuwa kotun iyali, akwai zarge-zargen duka a kan uban daga mata daban-daban, amma a 2019 kotu ta amince ta koma hannunsa. A 2023 malamanta sun ga tabo a fuskarta sun kai rahoto, aka rufe fayil ɗin cikin 'yan kwanaki, sai uban ya cire ta daga makaranta da sunan karatu a gida.

'Yan jarida sun nemi takardun waɗancan shari'un, Mai shari'a Williams na babbar kotu ya ba su da yawa, amma ya hana a ambaci sunayen alƙalai ukun da suka saurare su, yana fargabar mutane za su yi musu caa a intanet har a kai ga cutar da su. Su alƙalan ba su ne suka nemi hakan ba. Louise Tickle da Hannah Summers da wasu kafafen labarai suka ɗaukaka ƙara, a Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ƙarƙashin Sir Geoffrey Vos ta ce ba shi da hurumin yin haka, ta ba da mako ɗaya a tanadi tsaro, sannan aka fitar da sunayen, ciki har da Alison Raeside da ta yanke hukuncin 2019. Ni a gani na kotun ta yi daidai. Mutumin da ke yanke hukunci da sunan ƙasa dole a san shi. Amma a yi adalci, alƙali da abun da aka ajiye a gabansa yake aiki, kuma a 2019 rahoton ma'aikatan walwala ya goyi bayan komawarta wajen uban. Amfanin fitowar takardun shi ne a ga inda igiyar ta tsinke tun daga farko har ƙarshe, wa ya san me, wa bai gaya ma wa ba.

Yanzu masu ja da buɗewar. Na farko su ne yaran da kansu. Binciken da aka yi da matasan da suka bi ta kotunan nan ya nuna da yawansu ba sa son ɗan jarida a ɗakin, wasu sun ce in sun san za a buga to ba za su faɗa ma likita ko ma'aikaci gaskiyar abun da aka musu ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin yaron da ya yi shiru an rasa hanyar ceto shi. Sannan cire suna bai isa ba a kowane lokaci. A ce an rubuta iyali 'yan Najeriya Musulmi masu yara huɗu, uwar na aikin kula da tsofaffi, a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, ai kafin la'asar duk guruf ɗin WhatsApp na 'yan ƙasa ya san su waye. Ƙananan al'ummomi irin namu su suka fi shiga wannan haɗarin, shi ya sa wani lokacin alƙali kan hana faɗar ƙasar asali ko ma sunan hukumar.

Na biyu tsoron farauta. Bayan mutuwar Peter Connelly a Haringey a 2007, yaro ɗan wata 17 da ma'aikata da likitoci suka gani kusan sau 60, jaridu sun yi ta buga sunaye da hotunan ma'aikatan walwala, aka yi musu barazana, aka sanar da korar shugabar sashen yaran a talabijin, daga baya ta ci nasara a kotu kan yadda aka kore ta. Abun da ya biyo baya shi ne ƙararrakin karɓe yara suka yi tashin gwauron zabi, saboda kowane ma'aikaci na tsoron kar ya zama shi ne na gaba, gwamma ya karɓe yaro bisa kuskure da ya bar shi bisa kuskure. Gaba kura baya siyaki suke ciki, ga fayil sun yi musu yawa ga ƙarancin ma'aikata. Alƙalai ma ba su tsira ba, a 2023 wani uba ya rufe alƙali da duka a cikin kotun iyali a Milton Keynes. Don haka in ana maganar a riƙe mutum da alhakin aikinsa, a gane cewa in ta koma jefa mutum ɗaya ga taron masu fushi to yara ne za su ƙara shan wahala.

Duk da haka in ka duba abun da buɗewar ta haifar zuwa yanzu, da wuya ka ce a koma gidan jiya. Hukunce-hukuncen da Mai shari'a Keehan ya wallafa kan hukumar Herefordshire, ciki har da wanda aka raba tagwaye aka bayar da su gidaje daban-daban, su suka tona ruɓewar sashen yaranta har masu sa ido na Ofsted suka ba shi mafi ƙarancin daraja a 2022. A ƙarshen 2021, bayan doguwar shari'a da 'yan jarida biyu suka yi, aka wallafa hukuncin da wata alƙaliya a Derby ta yanke cewa tsohon ɗan majalisa kuma tsohon ƙaramin minista Andrew Griffiths ya ci zarafin matarsa har da fyaɗe, zargin da ya musanta, ita matar kuwa ita ta goyi bayan a fitar. Haka aka gano cewa a Ingila kowa na iya kiran kansa masanin halayyar ɗan adam ba tare da rajista da wata hukuma ba, kuma irin waɗannan sun rubuta rahotannin da aka dogara da su aka ce uwa ta cusa ma yara ƙin ubansu, aka ƙwace su daga hannunta.

Wannan na ƙarshen ya haɗu da wani tsohon koke na mata. Rahoton da ma'aikatar shari'a ta fitar a Yunin 2020 ya amince cewa kotunan sun ɗauki al'adar dole sai yaro ya ga iyayensa biyu ko ta halin ƙaƙa, har ana raina ƙorafin duka da cin zarafi. Claire Throssell ta gargaɗi hukumomi kan tsohon mijinta, kotu ta ba shi damar ganin yaran ba mai sa ido, a Oktoban 2014 a Penistone ya kulle kansa da yaran, Jack ɗan shekara 12 da Paul ɗan shekara 9 ya cinna ma gidan wuta. Shekara goma sha ɗaya matar nan tana bin ofis-ofis da majalisa, sai a Oktoban 2025 gwamnati ta sanar za ta soke ƙa'idar da aka saka a 2014 mai ɗauka cewa kasancewar kowane mahaifi a rayuwar yaro alheri ne sai an nuna akasi. Iyaye maza ma na da nasu kukan, cewa ana raba su da 'ya'yansu da zargin da ba a tabbatar ba kuma shari'a na jan ƙafa har yaro ya manta su. Wa ke da gaskiya, a shari'u nawa? Ai tambayar da ba ta amsuwa kenan muddin ba mai gani.

'Yan uwanmu da suka tafi Ingila karatu ko aikin jinya a 'yan shekarun nan, wannan maganar ta shafe ku kai tsaye. A Scotland tun 2020 da Wales tun 2022 duk wani dukan yaro laifi ne, a Ingila akwai ɗan sassauci amma da zarar an sa bulala ko belt ko an bar tabo to ya wuce nan, kuma malamin makaranta wajibi ne a kansa ya kai rahoto. Ƙungiyar AFRUCA, wadda wata 'yar Najeriya Debbie Ariyo ta kafa a 2001 bayan kisan Victoria Climbié, yarinyar da aka kawo daga Kwaddibuwa, ta daɗe tana wayar da kan iyayen Afirka kan wannan. In hukuma ta kai ku kotu don karɓe yaro, kuna da haƙƙin lauya kyauta ko nawa kuke samu, ku nema tun ranar farko. Kuma don Allah kar zafin rai ya sa ku ɗora takardun kotu ko fuskar yaro a Facebook ko TikTok, sabon tsarin bai halatta wannan ba, ɗan jarida ko lauya mai rubutu da ke da oda a hannu kaɗai ya ba dama, ku tambayi lauyanku yadda ake yi.

Abun da ya rage yana da yawa. An buɗe ƙofa amma masu shiga kaɗan ne, jaridun garuruwa da suka saba tura wakili kotu sun mutu ko sun rage ma'aikata, jadawalin zaman kuma da lambobi ake fitar da shi, da ƙyar ɗan jarida zai san wace shari'a ce ta cancanci ya kashe kuɗin jirgin ƙasa ya je. Tun Afrilun 2013 da aka yanke tallafin lauya a yawancin shari'un mata da miji, iyaye da yawa su kaɗai suke tsayawa gaban alƙali, ba su ma san akwai wata oda da ake nema ba. Doka ta ce a gama shari'ar karɓe yaro cikin mako 26, da yawa na zarce haka nesa ba kusa ba. Binciken da ake yi bayan yaro ya mutu kuwa ihu ne bayan hari, kuma darussan da ake fitarwa kusan iri ɗaya ne tun daga rahoton Lord Laming na 2003 kan Victoria, hukumomi ba sa musayar bayani, ba a zauna da yaron shi kaɗai an saurare shi ba.

Sai kuma giɓin da ya fi damuna, alƙalin da ya yanke ma yaro makoma yawanci ba ya sake jin labarinsa, ba wani tsari da ke dawo mishi da bayani bayan shekara biyu ko biyar cewa yaron nan da ka mayar gida yana lafiya, ko wanda ka bayar riƙo ya sauya gida sau shida. Masu bincike irin na cibiyar Nuffield da ke nazarin shari'ar iyali sun fara haɗa bayanan kotu da na sauran hukumomi don a riƙa bin sawun yaran ba tare da sunayensu ba, kuma masu fafutukar na neman gwamnati ta mai da wannan aikinta na dindindin, ta riƙa fitar da sakamakon kowace kotu da kowace hukuma a fili.